Ƙeyar Wata

Tun hantsi Na-Ƙasa yake cikin rijiyar gidan burodi, bai fito ba sai da la'asar ta yi sakaliya. Baƙar laka mai wari ya yi ta kwasa yana cika guga, ƙaninsa Dogo yana ja daga sama, har hannuwansu su biyun suka daina jin igiya. Suka kama hanyar gida. Dogo yana tura baro da kayan aiki a ciki, shi kuma yana biye yana jan ƙafar hagu, wadda wani dutse ya tsaga masa a ƙwauri da rana.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan sana'a. A kira shi ya yashe rijiya, ya gyara wadda ta rufta, ko ya ciro abin da ya faɗa: guga, waya, akuya, sau uku kuma mutum. Shi ya sa unguwa ta manta sunansa na yanka, kowa Na-Ƙasa yake ce masa, har surukansa.

Ya yi wanka ya zube a tabarma a tsakar gida, ƙafafunsa cikin robar ruwan ɗumi. Matarsa tana shafa masa man zafi a kafaɗa tana mita, wai jiki ba ƙarfe ba ne, ko ƙarfen ma tsatsa yake yi. Sai ga babbar 'yarsu ta fito daga ɗaki. Tun da ta fara koyar da kimiyya a makarantar sakandare kowa a gidan Malama yake kiranta, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Baba, ara min guganka," in ji ta.

Ta ajiye gugan a tsakiyar gida. "Gobe zan koya wa 'yan aji biyu yadda wata yake juyawa. So nake in fara gwadawa a kanku. In kun gane, su ma za su gane."

"Wato mu ne daƙiƙan gwaji," in ji uwarta.

"Wata ne yake juyawa?" Na-Ƙasa ya tambaya, idonsa a lumshe. "Tun ban san wando ba nake kallonsa. Baƙin tabon nan na fuskarsa bai taɓa gusawa ko da taƙi ɗaya ba."

"To duba. Gugan nan shi ne duniya, ni ce wata." Ta tsaya tana fuskantar gugan, ta fara zagaya shi a hankali, tana tafiya a kaikaice, idonta a kansa. "Yanzu ina kallon ƙofar waje. Yanzu ina kallon kicin. Ga ni ina kallon ɗakinku. Ga bangon maƙwabta. Na dawo ƙofa. Na juya ko ban juya ba?"

Ya buɗe ido. "Kin juya."

"Gugan ya ga ƙeyata?"

Ya girgiza kai.

"Haka wata yake. Kwanakin da yake ɗauka ya zagaye duniya, su ne daidai kwanakin da yake ɗauka ya juya a kan kansa sau ɗaya. Shi ya sa kullum fuska ɗaya muke gani."

"Ɗaya gefen fa?"

"Yana nan. Rana tana haska shi kamar yadda take haska wannan. Amma duk wanda ƙafarsa take kan doron ƙasa ba zai taɓa ganinsa ba. Sai da aka aika na'ura ta zagaya ta baya kafin a san kamanninsa."

"An kashe kuɗin makaranta, yarinya ta dawo tana zagaya guga," in ji uwar, tana rufe kwalbar mai.

Na-Ƙasa ya yi 'yar dariya, wadda ta tsaya masa a haƙarƙari. "Ashe wata ɗan'uwana ne. Yana ta fama, masu kallo suna cewa a tsaye yake."

Daren sha huɗu ga wata ne. Watan ya ɗan leƙo ta saman rufin maƙwabta daga gabas, jajur, ƙato kamar faranti. Ƙafa ba za ta kai shi masallaci ba, don haka a nan kan tabarmar ya yi magariba, raka'ar ƙarshe a zaune. Yana shafa addu'a aka buga ƙofa.

Dogo ne, ko rigar aiki bai cire ba. A bayansa wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta lulluɓe da farin mayafi.

"Yaya, wannan baiwar Allah ce ta tare ni a bakin layi. Wai jikarta ce ta faɗa rijiya."

Na-Ƙasa ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura. Ya dubi kwanon abincin da matarsa ta ajiye yanzu, ko murfin ba a ɗaga ba. Da akuya ce da ya ce sai da safe.

"Tun yaushe, Iya?"

"Ɗazu," in ji tsohuwar. "Tana kuka."

Mai kuka yana da rai. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Ɗauko doguwar igiya," ya ce wa Dogo. Matarsa ta miƙa masa fitilar goshi. Ta san ba ya jin magana a kan irin wannan.

Tsohuwar ta ce su yi gaba, tana bayansu. Daga bayan take ba su hanya. "Dama. Miƙe. Hagu." Suka wuce garejin kanikawa da aka riga aka rufe, warin baƙin mai yana tashi daga kwata. Suka wuce mai shayi yana hura wuta. Suka wuce turken lantarki na ƙarshe, inda ƙarar janareta ta fara komawa baya har ta zama kamar ƙudan zuma a nesa. Daga nan sai ciyawa da tubalan da aka jibge aka manta.

Na-Ƙasa yana jin takunsa, yana jin na Dogo. Na tsohuwar ne ba ya ji. Sau biyu yana waiwayawa, sau biyun yana ganinta daf da su, fuskarta a ɗage tana kallonsa. Ya taɓa raka uwaye zuwa bakin rijiya, ya san yadda suke: gudu, salati, jan riga. Wannan ko numfashinta bai canza ba. Tunanin ya zo masa, ya wuce. Gajiya ba ta bar shi ya riƙe shi ba.

Gidan kango ne, an kai ginin taga aka tsaya, tubalan sun yi baƙi. A tsakiyarsa rijiyar take, an gitta mata gungume a baki. Wurin yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba.

Ya durƙusa ya kasa kunne.

Can ƙasa, siriri, kukan yarinya.

"Tana nan," ya ce. Ya leƙa ya ɗaga murya. "Ke! Kada ki motsa, ga ni nan!"

Ya zagaya igiyar a ƙugu, ya ratsa ta tsakanin cinyoyi, ya ƙulle da ƙullin da ya saba. Dogo ya naɗa ta sau biyu a gungumen ya kama. Ba sai sun yi magana ba, tsarinsu ɗaya ne tun suna samari: ja ɗaya, sako; ja biyu, tsaya; ja uku, ɗago ni.

Kafin ya zura ƙafa ya ɗaga kai. Watan yana can gabas, bai wuce tsayin bishiyar da ke bayan kangon ba. Ya yi bisimilla ya shiga.

Igiyar tana da ƙulli a kowace gaba, wato tsawon buɗe hannu biyu, da shi yake ƙirga zurfi. Gaba uku, jar ƙasa. Gaba biyar, tsakuwa. Ramukan taka ƙafa da ke jikin bangon sun zo daidai da takunsa, kamar shi ya sassaƙa su. Gaba takwas. Gaba goma.

Kukan yana nan, ɗan ƙasa kaɗan.

Gaba sha biyu. A duk faɗin yankin babu rijiyar da ta wuce sha biyu, ya shiga kusan dukkansu. Ya haska ƙasa. Babu ƙyallin ruwa.

Sha biyar. Ashirin.

Abin da ya fi damunsa iskar ce. Rijiya mai zurfi tana danne ƙirji, ta sa kai ya yi nauyi, fitila ta yi ja. Wannan kuwa yana ƙara nutsawa tana ƙara daɗin shaƙa, sanyi-sanyi, kamar ta asuba.

"Dogo!" ya kira.

Muryarsa ba ta dawo masa ba. Rijiyar ta haɗiye ta.

Ashirin da biyar. Kukan yana nan, ɗan ƙasa kaɗan. Bai matso ba, bai yi nisa ba.

A gaba ta talatin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Yashi ne, busasshe, mai laushi kamar an tankaɗe. Ya ja igiya sau biyu. Ta tsaya.

Fitilar goshinsa ta yi ja, ta yi fari-fari, ta mutu. Ya bubbuga ta da tafin hannu. Ba ta kama ba.

Amma wurin bai yi duhu ba.

Ya ɗaga kai. Watan ne ya cika bakin rijiyar taf, fari sol, kamar an kifa murfi. Babu gungume. Babu kan Dogo. Kuma Na-Ƙasa ya san watan sha huɗu ba ya hawa tsakiyar sama sai dare ya raba. Shi kuwa ko kiran isha bai ji ba.

Ya sauke ido a hankali.

Gindin rijiyar ya buɗe, faɗinsa ya kai ɗaki. A jikin bango takalma ne a jere, bibbiyu, an daidaita bakinsu kamar a ƙofar falo. Na roba, na fata, wasu irin da ya daina gani tun yana yaro. Kusa da kowane takalmi akwai igiya, an naɗe ta tsaf. Ya sunkuya ya ɗaga bakin ɗaya. Ba tsinkewa ta yi ba. Ba yanka ta aka yi ba. Kwance ta aka yi, lanƙwasar ƙullin tana nan a jikinta.

Kukan ya tsaya.

A madadinsa ya ji numfashi. Na mutane da yawa, a hankali, shiga da fita, irin na masu barci mai nauyi. Daga bangon yake fitowa, ko daga yashin, bai iya tantancewa ba.

A gabansa tabarma ce a shimfiɗe, sabuwa, da matashi.

"Sannu da aiki."

Muryar tsohuwar ce, daf da kunnensa na dama. Bai waiwaya ba. An sha yi masa sannu, masu gida da 'yan kallo, amma a shekara talatin da huɗu babu wanda ya taɓa faɗa masa ita haka, kamar mai faɗar ya san nauyin kowane guga. Sai ya ji idonsa ya cika.

"Ina yarinyar?" ya tambaya da raɗa.

"Ta yi barci. Kowa ya yi barci." Numfashinta yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Ka gaji, ɗan nan. Kwance igiyar ka zauna."

Ciwon gwiwarsa ne ya fara tafiya. Sai na baya. Sai wannan tsohon na kafaɗa, wanda ya kwana da shi ya tashi da shi shekara goma. Ɗaya bayan ɗaya suka zare, kamar ana cire masa ƙaya. Ya manta cewa jiki yana iya yin shiru haka.

Hasken da ke kan yashin ya motsa.

Ya ɗaga kai.

Baƙin tabon watan, wanda bai taɓa gusawa ba tun yana yaro, yana tafiya. A hankali yake zamewa zuwa gefe, kamar mutum yana kau da kai. Ya kai baki. Ya lanƙwasa. Ya ɓace.

Abin da ya biyo baya ba shi da baƙin tabo. Fari ne, busasshe, rami a kan rami, manya da ƙanana, kamar fuskar da zanzana ta cinye.

Ya tsaya yana kallo. Bai san iya tsawon lokacin ba. Ba ya jin yunwa, ba ya jin ƙishi. Watan ya gama juyowa, ya ba shi ƙeya gaba ɗaya.

Sai muryar Malama ta faɗo masa, tana tsaye a gaban guga. Duk wanda ƙafarsa take kan doron ƙasa ba zai taɓa ganinsa ba.

To shi a ina ƙafarsa take?

Ya dubi ƙasa. Ƙafafunsa tsirara suke a kan yashin. Takalmansa suna can jikin bango, a ƙarshen layi, an daidaita bakinsu.

Hannuwansa kuma suna kan ƙullin igiyar. Bai aike su ba.

Suna ta ƙoƙari. Amma yatsun sun kumbura tun aikin rana, sun sandare, ba sa lanƙwasuwa. Ƙullin kuma ya sha gumi, nauyinsa ya ɗaure shi tamau. Yatsun su kama, su zame. Su kama, su zame.

"Kawo in taya ka," in ji tsohuwar.

Wasu yatsu suka sauka a kan nasa. Sanyi ƙalau. Sun fi goma.

Ya so ya ambaci sunan Allah. Harshensa ya yi nauyi kamar na mai mafarki.

Ƙullin ya ɗan saki.

Ya ɗaga hannun dama. Kamar ɗaga buhun siminti. Ya kama igiyar a saman kansa, ya ja.

Ɗaya.

Ja ɗaya sako ne. Igiyar ta yi sako-sako, ta sauko masa a kafaɗa.

"Ka gani?" in ji ta. "Shi ma ya gaji."

Ya naɗe ragowar a hannu, ya sake ja.

Biyu.

Numfashin da ke bangon ya canza. Masu barcin suna juyi.

Hannunsa ya ƙi na ukun. Idonsa yana rufewa. Tabarmar tana daf da gwiwarsa, taku ɗaya.

Ya sa haƙori ya ciji harshensa har ya ji gishirin jini. Zafin ya buɗe masa baki.

"Innalillahi!"

Uku.

Igiyar ta fizge shi sama har ƙugunsa ya yi ƙara. Duk ciwon da aka zare masa ya dawo lokaci ɗaya, gwiwa da baya da kafaɗa, ya yi ihu. Bango yana goge masa fata. Ya damƙe ƙullin da ya saki da hannu biyu. A idon sawunsa yana jin hannuwa, ba riƙo suke yi ba, shafa shi suke, kamar masu lallashin yaro.

Daga can ƙasa muryar ta biyo shi, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Ka dai san hanya. Duk ranar da ka gaji."

Kansa ya bugi gungume. Wani hannu mai ɗumi, mai santsin jini, ya cafki wuyan rigarsa ya jawo shi waje.

Dogo ne kwance a ƙasa, ƙafafunsa a tokare da bakin rijiyar, ƙarshen igiyar a ɗaure a ƙugunsa, tafukansa sun saɓule. Watan yana can gabas, ya ɗan haura bishiyar kaɗan, da baƙin tabonsa na kullum. A nesa wani ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

Dogo ya haska shi da tocila. Ya ja da baya da sauri, tocilar ta faɗi.

"Yaya… kai ne?"

"Tashi mu tafi."

Ba su ɗauki igiyar ba. Na-Ƙasa ya dafa kafaɗar ƙaninsa, ba takalmi, suka yi ta tuntuɓe cikin ciyawa har suka ga hasken mai shayi.

Matarsa tana ganinsa a bakin ƙofa ta saki kofin da ke hannunta. Da safiyar ranar wanzami ya yi masa aski, kai da gemu, tas. Yanzu furfura ta rufe masa haɓa da kumatu. Faratansa sun yi tsawo. Leɓɓansa sun tsattsage, idonsa ya faɗa, wandonsa yana zamewa daga ƙugu. Tsagar da dutse ya yi masa a ƙwauri da rana ta rufe, ta yi ɓawo, ɓawon har ya fara ɓantarewa.

Kofi huɗu na ruwa ya sha kafin ya iya magana. Abincin da aka ajiye masa yana nan, da sauran ɗuminsa.

Malama ta durƙusa a gabansa. "Baba, me ka gani?"

Ya faɗa mata. Da ya zo kan watan ya kwatanta mata shi da hannu: babu baƙi sai ɗan kaɗan, rami a kan rami, wani ƙato a can ƙasa. Ta zaro wayarta ta daddanna, hasken ya bugi fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kife wayar a kan tabarma ba tare da ta nuna masa ba.

"Malama," ya ce, muryarsa a dushe. "In mutum yana wani wuri da ba nan ba, yana kallonsa. Kwana nawa zai yi kafin ya ba shi ƙeya?"

"Kusan sha huɗu, Baba."

Ya shafa gemunsa. Uwar ta ce ya isa haka, kowa ya yi alwala.

Sai bayan kwana uku Dogo ya iya ba da nasa labarin, hannuwansa a naɗe da bandeji. Ya ce igiyar ta yi ta tafiya har saura kamu biyu. Tsohuwar tana tsaye a ɗaya gefen rijiyar, tana kallonsa, tana cewa, "Sake masa, ɗan nan, hannunka ya gaji." Ya ce wallahi sai da ya ji yatsunsa suna buɗewa, shi ne ya ɗaure ƙarshen a ƙugunsa. Da ya fara ja, sai ta soma matsawa da baya da baya, fuskarta a kansa, har duhun kangon ya rufe ta. Tun daga bakin layi har zuwa lokacin, in ji shi, bai ga bayanta ba ko sau ɗaya.

Da rana tsaka ya koma da maza biyar na unguwa. Sun sami kangon, sun sami rijiyar. Suka zura dutse a igiya. Gaba bakwai, busasshiya, cike da ganye da fasassun tubala. Doguwar igiyarsu ba ta nan. Suka haɗa hannu suka cike ramin da ƙasa, suka zuba siminti a kai.

Dogo ya koma aikin lodi a wajen masu buga tubali. Na-Ƙasa bai sake shiga rijiya ba. Ya kafa benci a ƙofar gida yana tufka igiya yana gyaran guga, masu zuwa neman a yashe musu rijiya yana tura su wajen wasu. Unguwa ta ce tsoron aljanu ne ya kama shi, bai musa ba. Malama ta koyar da darasinta washegari kamar yadda ta tsara, amma ta ce wata ɗaliba ce ta zagaya kujera, ita ta kasa.

Matarsa kaɗai ya faɗa wa gaskiyar, wata ɗaya bayan nan, da yamma, tana shafa masa man zafi.

"Ba tsoronta nake ji ba," ya ce. "Da tsoro ne da sauƙi. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa hutawa irin na wurin nan ba. Kafaɗar nan in ta tashe ni, ba abin da nake tunawa sai tabarmar."

Hannunta ya tsaya a kan kafaɗar.

"An cike ramin," ta ce.

"Rijiya nawa ce a garin nan?"

Ya laluba aljihu ya ciro makullin ƙofar waje, wanda bai taɓa rabuwa da shi ba tun da ya gina gidan, ya sa mata a tafin hannu ya rufe yatsunta a kai.

"Duk ranar da wata ya cika, ki kulle tun magariba. Ko na roƙe ki, ko na yi miki faɗa, kada ki ba ni."

Ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ƙulli biyu. Sannan ta ɗebo man ta ci gaba da shafawa.